Fitilar akori-kura ta mutu? Ga yadda ake bin sawun wutar kafin a sayi sabon ƙwai

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga mararrabar Mayanchi ta ratsa Anka, ta bi ta Ɗaki Takwas ta isa Gummi, ya san irin aikin da akori-kura ke yi a yammacin Zamfara. Ita ke kwaso buhunan gero da dawa da shinkafa daga ƙauyukan Bukkuyum ranar kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti, ita ke ɗaukar gara da 'yan rakiyar amarya. Galibi Toyota Hilux ce, sai kuma ɗaiɗaikun tsofaffin Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, waɗanda har gobe ba su ajiye aiki ba.

A irin wannan hanya fitila ba kwalliya ba ce. Matsalar 'yan bindiga ta sa direbobi na yin iya ƙoƙarinsu su isa gida kafin magariba, amma faci ɗaya ko lodin da ya ja lokaci ya isa ya sa duhu ya riski mutum a tsakanin gari da gari. Nan ne ake gane cewa fitilar da ake ta cewa "gobe a duba ta" ba ta haska ko taku ashirin. Tsayawa a daji a buɗe bonet ba zaɓi ba ne, tafiya a makance kuma ita ce ke jefa mota a rami ko ta haɗa ta da mai babur. Ga jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da ke da hurumin cin tarar motar da fitilunta ba su cika ba.

Abin da aka saba yi in fitila ta mutu sananne ne: a sayi sabon ƙwai. In bai kama ba a ce batir ne. In an canja batir abin bai gyaru ba a ce motar ce ta tsufa. Alhali a motar da ke shan ƙura da laka da gargada, sau da yawa ƙwai lafiyarsa ƙalau, batir ma haka. Hanyar da wutar ke bi a tsakaninsu ce ta lalace, kuma matashin da ke da wayar salula da ƙaramar mitar gwajin wuta zai iya gano inda ta lalace kafin ya kashe ko kwabo a shagon kayan mota.

Wuta sai ta je ta dawo

Wutar mota zagaye take yi. Tana fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta ratsa fis, ta bi ta makunni, a wasu layukan ta bi ta rile, ta shiga ƙwai. Daga nan dole ta koma kan batir mai alamar ɗebewa, in ba haka ba ƙwai ba zai kama ba. Masu ƙera mota ba su ja dogon layi na biyu domin wannan komawar ba. Ƙarfen jikin motar suka mayar hanya: gajeriyar waya ce ke fita daga fitila a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, ƙarfen kuma ya kai wutar har batir. Wannan shi ne abin da masu wayarin ke kira "at". A motocin Toyota wayarsa fara ce mai baƙin layi.

A nan akori-kura ta bambanta da ƙaramar mota. Jikinta ba ɗaya ba ne: kan motar daban, akorin baya daban, an ɗora su duka a kan cesis, kan motar ma a kan robobi yake zaune. Wayoyin fitilun baya kuwa ta ƙarƙashi suke bi, a fili, inda ruwa da laka da tsakuwa ke dukansu. A damina in an ratsa fadama ko mashigar ruwa, soket ɗin baya nutsewa suke yi. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa, kamar yadda ya faru da dukiyar mutane da dama a ambaliyar Gummi ta 2024, tana iya tashi lafiya ta yi watanni, sannan koren tsatsa ya fara cin mahaɗun wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Da rani kuma ƙura ce ke shiga, gargada ta sassauta noti.

Fitilun da suka mutu su ne ke faɗin inda za a nufa

Kafin a taɓa sukundireba, a fara sanin waɗanne fitilu ne suka mutu, waɗanne ke aiki. Mutum ɗaya ba ya iya taka birki ya kuma tsaya a bayan mota, amma wayar salula ta raba wannan gardama. A jingina ta da dutse ko bulo a bayan motar, a kunna ɗaukar bidiyo, a shiga a gwada fakin, birki, siginar dama, siginar hagu, ribas, sannan a haɗa biyu-biyu: birki da fakin, birki da sigina. Haɗawar nan ita ce muhimmiya, don akwai cutar da ba ta bayyana sai an kunna abu biyu tare.

Idan ƙwai ɗaya ne kawai ya mutu, ɗan'uwansa na ɗaya gefen yana ci, to matsalar tana kusa: ƙwan ne, ko soket ɗinsa, ko at ɗinsa, ko kuma fis ɗinsa a motocin da kowace fitilar gaba ke da nata. Gwaji mafi arha shi ne a musanya ƙwayayen biyu. In mutuwar ta bi ƙwan zuwa ɗaya gefen, ƙwai ne. In ta tsaya inda take, ba shi ba ne. Idan kuwa biyu suka ɗauke a lokaci guda, da wuya a ce ƙwai biyu sun mutu a daƙiƙa ɗaya, sai a nufi abin da suka yi tarayya a kai: fis, rile ko makunni. Siginar da ke ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba tana nufin ƙwai ɗaya a wannan gefen ba ya jan wuta.

Fitilar birki tana da nata makunnin a saman fedar birki. In dukansu sun mutu kuma fis lafiya, can za a leƙa. In kuma sun ƙi mutuwa ko an cire makulli, har batir ya wayi gari a sauke, a duba ƙasan fedar: wata 'yar roba ce da ke danne makunnin take tsufa ta farfashe ta faɗo.

Sai alamar da ta fi rikita mutane, har wasu su ce motar ta haukace. A taka birki, fitilun dashbod ko na fakin ɗin gaba su kama. A kunna sigina, duk fitilun baya su riƙa lumshewa tare, kowace a dushe. Ko fitilar fakin ta baya tana ci, da an taka birki ta mutu. Wannan kusan kullum at ɗin baya ne ya tsinke ko ya yi tsatsa. Ƙwan baya yana da zare biyu a ciki, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na fakin, kuma hanyar komawarsu ɗaya ce. In hanyar ta toshe, wutar birki ba ta haƙura, sai ta juya ta bi ta zaren fakin da baya-baya, ta shiga layin fakin, ta ratsa sauran ƙwayayen da ke kan layin har ta sami wanda at ɗinsa ke da kyau. Shi ya sa dashbod ke kamawa. Tabbatarwa ba ta da wuya: a ɗauko guntuwar waya, a taɓa bakinta ɗaya a ƙarfen soket ɗin ƙwan, ɗayan a wani wuri mai tsabta a cesis. In komai ya koma daidai nan take, an kama ɓarawon. A kwance notin, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a kai don kada ruwa ya sake samunsa.

Mita tana iya yaudarar mai ita

Mitar gwajin wuta mai lambobi, irin 'yar rawayar nan da masu gyaran wayar salula da masu haɗa sola ke amfani da ita, ta wadatar. A juya ta zuwa lamba 20 a ɓangaren harafin V mai miƙaƙƙen layi. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6. In ya nuna 12.2 ya sauka kusan rabi. In an tayar da inji ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneto na caji. In ta ƙi hawa, ko fitilu na dushewa a silo su yi haske in an taka totur, a duba fambel da altaneto. In kuma ta haura 15, wuta ta yi yawa, kuma wannan ne bayanin motar da ke cinye ƙwai kowane mako: ƙarin kashi 5 cikin 100 kawai a kan wutar da aka tsara wa ƙwan halojin yana rage kusan rabin rayuwarsa.

Akwai wani gwajin da ya zama ruwan dare a gareji, na cire kan batir alhali inji na aiki don a ga ko zai mutu. Gwajin banza ne mai tsada. Batir ne ke shanye tsallen da wuta ke yi, in an cire shi tsallen yana iya ƙona altaneto ko kwamfutar motar, musamman a Hilux na zamani irin Vigo da Revo. Mita tana ba da amsar nan cikin daƙiƙa biyar ba tare da haɗari ba.

Amma ga inda masu sabon hannu ke faɗawa. A cire ƙwai, a sa mita a soket, ta nuna 12, sai a ce wuta na zuwa, ƙwai ne ya mutu. A sa sabon ƙwai, shiru. Dalili shi ne mita kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage a tsinkakken layi, ko mahaɗa ta cika da tsatsa, za ta nuna 12. Kamar tiyon da ya toshe ne: in an rufe bakinsa ruwa na taruwa har ya yi ƙarfi, da an buɗe sai ɗigo. Ƙwan gaba mai wat 55 kuwa yana buƙatar fiye da amfiya huɗu da rabi, toshasshiyar hanya ba za ta ba shi ba.

Saboda haka ake gwaji da ƙwai a jiki, fitila a kunne. A sa jan tsinken mita a kan batir mai alamar tarawa, baƙin tsinken a ƙafar ƙwan da wuta ke shiga ta bayan soket. Lambar da ta fito ita ce wutar da ke ɓacewa a hanya. Bai kamata ta wuce rabin bolt ba. Sannan a gwada ɓangaren komawa: tsinke ɗaya a ƙafar at ta ƙwan, ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa. In ta nuna bolt ɗaya ko biyu, nan cutar take. Daga nan sai a riƙa matsar da tsinken mahaɗa bayan mahaɗa ana komawa wajen batir, inda lambar ta faɗi ƙasa warwas, to mahaɗar da aka tsallake ita ce mai laifi. Ko da hannu ma ana iya jin ta, domin mahaɗar da ke cinye wuta zafi take yi.

Wannan asarar ba ƙarama ba ce ga ido. Hasken ƙwan halojin yana faɗuwa fiye da yadda wutar ke faɗuwa: in wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske na raguwa da kusan kashi 30. Fitilar da ta koma ja-ja kamar aci-balbal sau da yawa ba tsufa ta yi ba, yunwa take ji.

Mai tsohuwar Hilux ya riƙe abu ɗaya. A yawancin tsofaffin motocin Toyota an juya tsarin fitilar gaba: wuta na isa ƙwan kai tsaye da zarar an kunna, makunnin dim da ful kuma ɓangaren komawa yake haɗawa ko ya raba. Don haka ana iya samun 12 a ƙafafun soket fiye da ɗaya, kuma ba lalacewa ba ce. A irin wannan mota, in dim na aiki ful ba ya yi a duka gefen biyu, makunnin da ke jikin sitiyari ne abin zargi na farko, domin komawar ta cikinsa take bi.

Fis da takardar sigari

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya ƙone kafin waya ta ƙone. Launinsa na faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Kafin a zare ko ɗaya a ɗauki hoton akwatin da wayar salula, har da zanen da ke cikin murfinsa, don kada a mayar da mai 30 a gurbin mai 10.

Fis ɗin da ya ƙone sau ɗaya yana iya zama tsufa. Wanda ya sake ƙonewa da an sa sabo yana cewa akwai wayar da ta feɗe tana taɓa ƙarfe. Abin da ake yi a tasha, na naɗa takardar kwalin sigari ko silin waya a gurbinsa, bai gyara komai ba. Ya dai cire mai gadi ne. Yanzu wayar da ke cikin dashbod ko ƙarƙashin akori ce za ta zama fis, ta yi ja, robarta ta kama, a motar da wataƙila ke ɗauke da harawa ko jarkokin fetur.

Akwai dabarar da ta fi wannan, kuma ba ta cin fis ko ɗaya. A ɗaura wayoyi biyu a ƙwai mai wat 21, a soka su a ramukan fis ɗin da ke ƙonewa, a kunna layin. Muddin wayar da ta feɗe na taɓa ƙarfe, ƙwan zai yi haske sosai, kuma shi zai hana wutar yin yawa. Sai a bi layin ana girgiza shi ana cire soket ɗaya bayan ɗaya. Inda hasken ya dushe ko ya mutu, nan ne wurin. A akori-kura wuraren da aka fi samu su ne inda wayoyi suka ratsa hujin ƙarfe, kusa da salansa, kusurwar ƙofar baya inda buhu ke gogawa, da duk inda mai walda ya taɓa aiki lokacin da aka ɗora wa motar keriya. Ɓera ma yana son motar hatsi, kuma ba ya raina robar waya.

Rile kuwa gwajinsa musanye ne. In an kunna fitila ana jin ƙarar "ƙas" daga gare shi. In akwai wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na ham, a musanya su a gani.

Kayan da matasa ke ƙara wa mota

Babban rabon matsalolin yau ba daga kamfani suka zo ba, daga ƙari ne. Cajar waya mai baki huɗu, dogon fitilar LED a saman gilas, lasifika, 'yar inbata, duk an feɗe wata waya an murɗa su a kai an naɗe da baƙin salatif. Fitilar LED mai wat 120 na gaske tana jan amfiya 10, wato fiye da abin da ƙwayayen dim biyu ke ja tare. In an rataya ta a layin fitilar gaba, makunnin sitiyari ne zai biya. Irin wannan kaya yana buƙatar layinsa daga batir, da fis ɗinsa kusa da batir, da rile ɗinsa. A rile na gama-gari ƙafa mai lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir, 87 ta kai wa fitila, 85 da 86 kuma su ne na ɗan makunnin da direba zai danna.

Haka ƙwai mai wat 100 da ake sakawa a gurbin H4 na asali mai wat 60 da 55. Zafin da waya ke yi yana ninkuwa fiye da yadda wutar ke ƙaruwa, don haka daga 55 zuwa 100 zafin mahaɗa ya haura ninki uku. Baƙin soket ɗin da ya narke a bayan fitila yawanci tarihinsa ke nan. Ƙwan LED da aka cusa a gidan da aka ƙera don halojin shi ma yakan watsa haske ko'ina, ya kashe wa mai tahowa ido, a cikin ƙurar hunturu kuma ya dawo wa direban kansa kamar farin bango. A tsohuwar Toyota mai juyayyen tsari wani ma ba ya kamawa sam, ko alamar ful ta dashbod ta daina nunawa.

Ƙarin da ya cancanci kuɗinsa shi ne cajar mota mai ɗan allo da ke nuna bolt. Direba na tafe yana ganin ko altaneto na caji, tun kafin fitila ta fara dushewa. Ita kuwa 'yar na'urar ELM327 da ake sokawa a ƙarƙashin dashbod ta haɗu da manhaja irin Torque ko Car Scanner ta Bluetooth, tana da amfani wajen karanta matsalar inji a motocin da ke da soket ɗinta, amma ba za ta faɗi cewa notin at ya yi tsatsa ba.

Zanen wayarin motar, da littafinta, gara a sauke su a ajiye a cikin wayar salula tun ana gari. Mutanen Zamfara ba su manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar aka yi makonni babu kira babu intanet, kuma ko yau akwai wurare a tsakanin Anka da Bagega ko cikin ƙauyukan Bukkuyum da sabis ke ɗaukewa.

Wajen aiki, in za a yanke waya ko a kwance wani abu, a fara cire kan batir mai alamar ɗebewa, a kuma cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a sa mita a kan batir tana ɓangaren auna amfiya. Soket masu launin rawaya a sababbin motoci na jakar iskar kariya ne, ba a soka musu tsinke. Gilashin ƙwan halojin ba a kama shi da yatsa, maiƙon hannu na rage masa kwana.

In gwaji ya nuna batir ɗin ne da gaske ya mutu, a mayar da shi ga mai sayar da batir a yi musanye, kada a fasa shi a tsakar gida don ciro abin da ke ciki. Farantan cikinsa dalma ce. Ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum su ne inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kuma ƙurar dalmar batir ba ta da bambanci da waccan a jikin yaro.

Abin da ya wuce nan, kamar buɗe makunnin sitiyari, gyaran altaneto ko sake jan wayoyin da suka narke, aikin mai wayarin ne. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya je ya ce "Oga, fitila ba ta yi" da wanda ya miƙa wayarsa ya ce "Oga, ga bidiyon, in na taka birki dashbod na kamawa, na auna at ɗin baya na hagu ya ba ni bolt biyu." Na farkon ana iya fara masa da sabon ƙwai da sabon rile a ga abin da hali zai yi. Na biyun, samfefa da sufana mai lamba 10 za a ɗauko.